Ta yaya zan gane shekarar da aka saƙa wannan hoton siliki?

Jama'a, na maƙale. Wani ɗan hoton siliki na saya a gwanjo a Coventry ta Ingila, irin da ake kira Stevengraph, na masaƙar Thomas Stevens. Bai fi tsawon tafin hannu ba: keken doki ne mai zuwa York daga Landan, har linzamin dawakan ana gani zare-zare. A 1879 aka fara saƙa irinsa, amma an yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Masu tara irinsa, da takardar bayan kwalin da aka manna hoton a kai suke gane lokaci, tawa kuwa rabi ta yage. Masaƙar ma bam ya rushe ta a 1940. Akwai wata dabara? Kwalin kuma duk tabon ruwa, in ɓamɓare ko in ƙyale? Don Allah a agaza.