Yadda Japanawa ke mayar da sunayen Turanci aikatau: wa ya taɓa cin karo da abin?

Sabon-zuwa, Osaka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watana huɗu ke nan a nan ina koyon Japananci. Ranar Alhamis na tambayi wani ɗan ƙasar da muke zama gida ɗaya hanyar tsohon masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, sai ya ce min "gugutte mite". Na duba littafin darasinmu kaf ban ga kalmar ba. Ashe Google ne suka mayar aikatau, guguru, wato cewa ya yi in bincika a intanet. To, kowace kalmar Turanci ce zan iya yi wa haka? Don Allah waɗanda suka daɗe su ba mu labari.

Ɗan Dala, Sendai: Wa'alaikumus salam ƙanena. Hanya biyu ce. Ta farko sai ka kawo sunan ka bi shi da suru, wato "yi": kopii suru, sain suru, tenisu suru. Wannan kusan kullum tana tafiya. Ta biyu ita ce a gutsure kalmar a liƙa mata ru: memo ta zama memoru, misu (kuskure) ta zama misuru, panikku (firgici) ta zama panikuru. Daga nan sai ta riƙa juyawa kamar tasu ta gado, gugutta ya bincika, guguranai ba zai bincika ba. Amma ba kai za ka ƙirƙira ba, sai wadda bakin jama'a ya karɓa, kuma yawancinsu maganar abokai ce.

A nan na sha kunya. Shekarata ta farko zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu. Da na dawo ɗakin bincike malaminmu ya tambayi lafiya, sai na rusuna cikin ladabi na ce "saborimashita", don na saba jin ɗalibai suna faɗin saboru idan ba su je aji ba. Ya yi shiru yana kallona ta saman tabarau. Bayan ya fita wani ɗalibi ya ja ni gefe, ya ce kai fa yanzu ka gaya wa malam da bakinka cewa da gangan ka zille wa aiki. Yasumimashita, wato na huta, ya kamata in ce. Kalmar ma ba Turanci ba ce, daga sabotage ta Faransanci take, ta bazu bayan da ma'aikatan kamfanin ƙera jiragen ruwa na Kawasaki a Kobe suka yi jan ƙafa a wurin aiki a 1919. Har na kammala wannan ɗalibin bai daina tsokanata da ita ba.

Mai kayan mota, Nagoya: Ni a rubuce na gane. Wani da muke ciniki ya turo saƙo, na ga toraburu iri biyu. Wadda take suna, wato matsala, duk da katakana, haruffan da suke rubuta kalmomin aro da su, ake rubuta ta, トラブル. Idan aikatau ce, harafin ƙarshe sai ya koma hiragana, ɗaya salon haruffan nasu, トラブる. Harafi ɗaya tak. Haka daburu, idan abu ya maimaitu. Kwantena ce ta maƙale a tashar jiragen ruwa, ni kuma ina zaune ina nazarin haruffa, Allah Ya kyauta.

Maman Biyu, Saitama: Malam na Sendai, gara kai. Ni Turancin da na sani ne ya yaudare ni. 'Yata ta dawo daga makaranta tana cewa wani yaro ya yi kanningu suru, na ce a raina ai wayo ne da shi, har na ce mata ke ma ki koya. Yarinya ta zaro ido. Satar amsa ce a jarrabawa! Tun daga ranar, in na ji kalma mai kama da Turanci sai na tambaya tukuna. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce chin suru, ɗumama abinci a na'urar ɗumamawa, daga ƙarar da take yi in ta gama.

Ba'adare, Kyoto: Mu da muka yi boko da Faransanci saboru ba ta ba mu wahala ba, sai baito suru, aikin wucin gadi, wadda ta fito daga Jamusanci. Amma ni abin bai zame min baƙo ba, don mu ma haka muke yi. Muna cewa yi rijista, yi caji, ga suru ke nan. Sannan canji ya haifi canza, fenti ya haifi fenta, kwafi ya haifi kwafa, kuma wanda ya ce "na canza kaya" ba ya jin Turanci ya yi.

Ɗan Dala, Sendai: Gaskiyarka Malam. Kuma sababbi na ta fitowa. Tapiru, wato shan shayin nan mai ƙwallayen rogo na tapioka, ta shiga cikin kalmomi goma da suka yi tashe a Japan a 2019.

Sabon-zuwa, Osaka: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya, na karya dokarka fa: na ce wa mutumin nawa yau da dare zan tuworu. Bai yi wata-wata ba ya tambaye ni da safe ko na tuwotta. Hajiya, a ina kuke samun kuka a ƙasar nan? Tawa da na zo da ita saura kaɗan.