Tsibirin Rusinga: Shawarwari Kan Marayu da Itatuwa

A tattaunawar da muka yi kan tsibirin Rusinga, da ke cikin Tafkin Victoria a gundumar Homa Bay ta Kenya, bakin mutane ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a raba kula da marayu da kare muhalli. Cutar ƙanjamau ta bar yara da yawa a hannun kakanni, kifi ya ja baya a tafkin, itatuwa kuma sun tafi a murhu da wurin bandar kifi. Kakar da ba ta da abin sawa a tukunya ba za ta bar bishiya tsaye don an yi mata lacca ba.

Shi ya sa mafi yawa suka nuna lambun makaranta: yara su dasa zogale, mangwaro da gwanda, abin da aka girbe ya shiga abincin rana, rarar a kai kasuwar garin Mbita da ke tsallaken ruwa, ta kan gadar da ta haɗa shi da tsibirin, wadda aka buɗe a 2017. Wani ya ƙara da murhu mai cin itace kaɗan da tankin ruwan sama, tunda shiga tafkin na jawo tsargiya.

Batun kuɗi ne ya ɗauki zafi. An ce masu tallafi daga waje su bi ta kwamitocin masunta da adashen mata, su rage gina gidajen marayu, domin yaro ya fi samun natsuwa cikin danginsa. Ni ma nan na karkata. An kuma ja kunne kan ɗaukar hoton yara don neman taimako ba da izinin mai riƙonsu ba.