Makarantar Sistoci ta 'yan mata a Legas: wacce za mu kai Rifkatu?

Maman Rifkatu: Salama gare ku 'yan uwa, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema. Kun san bara aka yi wa Baban Rifkatu canjin wurin aiki daga Kaduna muka tare a nan Agege, to yanzu yarinyar tana aji 6 na firamare shekararta 11, ni kuma tun tana goye burina in sa ta makarantar Sistoci ta mata zalla, irin wadda na so in yi Allah bai nufa ba. Matsalar ban san garin nan ba, in banda coci da kasuwa ba inda nake zuwa. Ku da kuka daɗe a Ikko wacce za ku ce in nema, kuma ta kwana ko jeka-ka-dawo?

Anti Saratu Obalende: Ai ba sai kin wahala ba ƙanwata, Holy Child College kawai. Ga ta nan kusa da mu tsakanin Obalende da Ikoyi, tun 1945 Sistocin Holy Child Jesus suka kafa ta, maƙwabciyarta kuma St Gregory's ce ta maza. Kullum da safe in na fito sayen burodi ina ganin yaran, tsaf-tsaf da su, ba hayaniya ba rawar kai. Makarantar da ta haura shekara 70 tana yaye mata ai ba a yi mata tambaya.

Hajiya Idi-Araba: Saratu ke kina Obalende ne shi ya sa. Ita fa Agege ta ce. Kin taɓa tasowa daga Agege ranar Litinin da safe ki hau gadar Third Mainland? Gadar kaɗai ta kusa kilomita 12, kafin ma ki kai gadar kin sha gosulon Ikeja da Oshodi. Yarinya 'yar shekara 11 za ki tasa ƙarfe 4 na asuba ta dawo bayan magariba, yaushe za ta yi aikin gida, yaushe za ta yi barci? A garin nan hanya ake fara dubawa kafin sunan makaranta wallahi.

Anti Saratu Obalende: To Hajiya ai ban ce ta riƙa zuwa a ƙafa ba 😂

Maman 'Yan Biyu: Maman Rifkatu in dai jeka-ka-dawo kike so ki duba ɓangaren Yaba. Akwai Our Lady of Apostles a Yaba, akwai Marywood a Ebute Metta, duk na 'yan mata ne na Katolika. Kuma yanzu da jirgin ƙasan nan na Red Line ya fara aiki a 2024 yana tsayawa Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo, kin ga an rage miki wahalar danfo. Katin Cowry, wanda ake biyan kuɗin jirgin da shi, za ki yi mata ki riƙa loda kuɗi. Sai dai ki dubi lokutan tashinsa da kanki ki gani ko ya dace da lokacin asambuli.

Maman Rifkatu: Kai na gode, ni ban ma taɓa shiga jirgin ba sai dai in ji ƙararsa. Amma in sa ta ita kaɗai a jirgi? Gabana faɗuwa yake.

Talatu mai dambu: Sai ki haɗa ta da wata babba da ke bin hanyar, a cocinku ba za a rasa ba. Ki yi cigiya a taron Zumuntar Mata ranar Lahadi.

Mama Ladi: 'Ya'yana sannunku. Na karanta duk abin da kuka rubuta, bari in sa baki tunda shekara 31 na yi ina koyarwa kafin in ajiye alli. Da farko ku san cewa waɗannan makarantun na mishan sun yi wani zamani a hannun gwamnati, an karɓe su a shekarun 1970, haka aka yi mana a Arewa ma, Queen of Apostles ta Kakuri ita ce ta koma Queen Amina. A nan Legas sai 2001 zamanin Tinubu yana gwamna aka mayar wa masu su. Abin da ya sa na kawo wannan, idan wata ta ce miki "ai ni na yi makarantar, kaza ce kaza ce", ki tambaye ta wace shekara ta gama. Wadda ta gama a 1990 da wadda ta gama bara ba makaranta ɗaya suke ba ki labari ba ko da suna ɗaya ne. Uwar da 'yarta ke ciki yanzu ita za ki nema.

Na biyu, kowace makaranta za ta nuna miki sakamakon WAEC a bango, kowa ya ci. Kada ki tsaya nan. Ki tambaya yara nawa ne a ajin lokacin suna SS1, nawa suka kai ga zana jarabawar. Akwai makarantun da suke tankaɗe masu rauni kafin a yi rajista don sakamakonsu ya fito fes, ni na gani da idona. Ki kuma tambaya malamin lissafi shekara nawa ya yi a wurin. Inda malamai ke gudu duk zango akwai abin da ke korarsu.

Maman Rifkatu: Mama Allah ya ƙara girma. Wannan ta WAEC ɗin ko a mafarki ba zan yi tunaninta ba.

Mama Ladi: Sauran ɗaya 'yata. Yarabanci. Tun 2018 akwai doka a jihar Legas cewa a koyar da shi a makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Yaranmu da suka taso da Hausa nan suke fara shan kashi a JSS1, jikata sai da muka nemo mata maƙwabciya tana yi mata lesin da yamma. Ki fara tun yanzu, ko gaisuwa da ƙirge ne.

Maman Khairat: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar a kan ta Maman Rifkatu. Mu Musulmi suna karɓar yaranmu kuwa? Maigidana yana yaba tarbiyyarsu amma ni ina tsoron maganar hijabi da sallah.

Hajiya Idi-Araba: Maman Khairat ni da kike gani St Louis ta Kano na yi, can Bompai. Sistocin St Louis tun 1948 suka shigo Kano, kuma 'ya'yan Musulmi da yawa sun bi ta hannunsu, ba wadda ta ce in bar addinina, abin da na sani sun koya min kiyaye lokaci da gyaran gado wanda har yau yarana ke min tsiya a kai. Amma fa Kano daban Legas daban. Makarantar coci ce, akwai addu'ar safe, akwai Misa, akwai yunifom da suka tsara, kada ki je da tunanin za su canja tsarinsu saboda ke. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 na ba ɗalibai damar sa hijabi a kan makarantun gwamnatin jihar Legas aka yi shari'ar. Don haka ki zauna da firinsifal ki tambaye ta ƙeƙe-da-ƙeƙe: ɗankwali fa, sallar azahar fa, in ta kwana ce sahur da buɗa-baki fa. Abin da ta faɗa miki in kin ga za ki iya, bismillah, in ba za ki iya ba ki nemi wata tun kafin ki biya kuɗin fom. In mata zalla ce damuwarki ga Queen's College nan a Yaba, ta gwamnatin tarayya ce, an kafa ta tun 1927, ta jarabawar kwaman entirans ta NECO ake shiga.

Maman Khairat: Na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Zan nuna wa Abban Khairat.

Anti Saratu Obalende: Mu koma kan Rifkatu. Ni dai in hanya ce matsalar a kai ta kwana a huta. Louisville Girls da ke Ijebu-Itele a jihar Ogun ta Sistocin St Louis ce, su ɗin dai da Hajiya ke magana, 'yan Legas da yawa can suke kai yaransu. Akwai kuma Lagoon a Lekki ta mata zalla, ita ba ta Sistoci ba ce, 'yan Opus Dei, wata ƙungiyar Katolika, ne ke kula da ɓangaren addininta, sai dai Lekki daga Agege kam ko ni ba zan ce ki gwada ba.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Maganar kwana ɗin nan bari in faɗa muku abin da ya same ni, ba zan kama sunan makaranta ba kuma ba ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata a nan ba ce. Na kai Hassana da Usaina suna shekara 10 da rabi, ranar da muka je dubawa aka zaga da mu ɗakin kwamfuta da laburare da wani fili mai furanni, na dawo ina ta murna. Sati 5 da fara karatu ranar ziyara na je da shinkafa da miya a kula, sai Hassana kaɗai ta fito. Ina 'yar uwarki? Wai tana ɗakin marasa lafiya kwana 4 zazzaɓi, ba wanda ya kira ni, ga lambata ga ta babansu a fom. Na shiga na same ta kwance leɓe ya bushe, gadon ko zanin kirki babu, hannunta duk tabon kuɗin cizo. Wallahi a wurin na zauna na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Zangon na ƙarewa na kwashe su.

Ban ce kwana ba kyau ba, yayarsu ta yi a wani wuri lafiya lau ta gama. Amma in kin je dubawa kada ki yarda a tsaya da ke a ofis. Ki ce a kai ki ɗakin kwana, ki ɗaga katifa ki duba ɗinkin gefe, nan kuɗin cizo suke ɓuya. Ki shiga bayi ki murɗa famfo da hannunki ki ga ko ruwa na zuwa. Ki tambaya nas tana kwana a makarantar ko sai da safe take zuwa, wane asibiti suke kai yara, kuma kwana nawa yarinya za ta yi ba lafiya kafin a kira uwarta. In da hali ki je lokacin cin abinci ki leƙa kwanon yara.

Talatu mai dambu: Wayyo Allah, sannu Maman 'Yan Biyu. Ni abincin ma nake ji wa yaranmu, yarinyar da ta saba da tuwo da miyar kuka a ce sai amala da ewedu. Duk wadda za ta kai kwana ta zo in haɗa mata dambun nama da yaji da ƙuli, yana wata 2 bai yi komai ba.

Hajiya Idi-Araba: Talatu ke ko a gidan makoki sai kin yi talla 😂 Ki bari a tambaya tukuna, wasu makarantun ba sa barin a shigo da kayan ci ko kaɗan, a bakin get ake ƙwacewa.

Talatu mai dambu: To ai sai iyayen su ci a mota a hanyar dawowa

Mama Ladi: Maman Rifkatu kuɗi fa, ba wadda ta taɓo. Kada ki tambayi kuɗin makaranta kawai, ki ce a ba ki takardar duk abin da sabuwar ɗaliba ke biya a zangon farko, da yunifom da littattafai da kuɗin karɓar gurbi da na ƙungiyar iyaye da malamai, sannan ki tambaya sau nawa aka yi ƙari a shekara 3 da suka wuce. Shekara 6 za ki yi kina biya. Cire yarinya a SS1 saboda kuɗi ya gagara ya fi ciwo a kan a fara da mai sauƙi. Kuma ki je wurin Fadanku ki gaya masa, su suna da labarin lokacin da fom ke fitowa a makarantun da ke ƙarƙashin Akbishop, sau da yawa a coci ma ake sanarwa. Katin baftisma da takardar haihuwa ki ajiye su kusa. Akwai jarabawar shiga da intabiyu, lissafi da Turanci za ki matsa mata.

Maman Rifkatu: Mama katin baftismarta yana Kafanchan wurin kakarta, gobe zan kira a aiko min. Yanzu na karanta wa babanta duka, shi ya ce kwana yake so don ta koyi tsayawa da ƙafarta, ni kuma bayan labarin Maman 'Yan Biyu jikina ya yi sanyi. Ita kuma uwar gayyar tana gefe tana jinmu, abin da ta tambaya kawai wai za a aske mata gashi? Shekara 3 muna tattalin gashin nan da man kaɗanya, ta ce in aski ne ita a bar ta a ta unguwa.

Anti Saratu Obalende: 😂😂 Yarinya ta san abin da ke damunta. Ki sa shi cikin tambayoyin, wasu aski ne wasu kitso biyu ko shuku suke cewa. Kuma ki tafi da ita ranar dubawar, in ta shiga wuri za ki gani a fuskarta.

Maman 'Yan Biyu: Shawarata ki sayi fom 2 ko 3 kada ki dogara da ɗaya. Ki fara da jeka-ka-dawo a Yaba har ta yi jarabawar JSS3, lokacin ta kai 14 ta yi wayo, in babanta na nan a kan bakansa sai a sake zama.

Maman Rifkatu: Haka zan ce masa. Wa zai raka ni Yaba ranar Asabar? Ni ko tashar jirgin ban san ta inda ake shiga ba.

Hajiya Idi-Araba: Ba Asabar ba, ranar makaranta za ki je kuma da sassafe, daidai lokacin da yarinyar za ta riƙa fita, ki duba agogo daga ƙofar gidanki har get ɗinsu. Talata ina da hali. Ki hau daga Agege ni zan jira ki a tashar Mushin, in mun gama da Yaba mu ƙarasa Ebute Metta.

Maman Rifkatu: Allah ya kai mu Talatar Hajiya. Zan nemar mata izini wurin malaminsu mu taho tare.

Maman Khairat: Ku tsaya da ni, nima zan biyo ku in ji da kunnena.