Dan Allah me za mu kira dansiti da Hausa?

Malamar Kimiyya: Slm jama'a, gobe da safe zan ɗauki darasi a rediyo na 'yan ƙaramar sakandare. Dutse na ɗora a sikeli ya ba ni giram 54, na jefa shi a kwalbar awo ruwa ya tashi daga 50 zuwa 70, girmansa 20 kenan, a raba 54 gida 20 a samu 2.7. Lissafin ba matsala, sunan wannan 2.7 ɗin da Hausa ne ya gagare ni, shi ne dansiti da Turanci, wato yawan nauyin abu idan aka gwada da girmansa.

Ɗan Kurmi: nauyi mana Malama

Malamar Kimiyya: Ai abin da sikeli ya nuna na riga na kira nauyi. Kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe nauyinsu ɗaya, amma audugar sai ta cika leda shi ko ƙarfen a tafin hannu zai zauna.

Ɗalibar Jami'a: Anti kauri fa?

Ɗan Kurmi: kauri na kunu ne ƙanwata 😂 siririn zoben zinare dansitinsa 19.3 ne, katon gungume kuma yawo yake a saman ruwa

Tsohon Hedimasta: Tun farko ma wa ya ce ki rubuta dansiti? Haka muke kashe harshenmu da hannunmu. Ni tun ina aji cunkoso nake cewa, kaya da yawa a wuri kaɗan, kamar motar kasuwa ranar Juma'a.

Alaramma: Larabawa kasafa suke cewa, mu ara a gida.

Ɗalibar Jami'a: Allah gafarta Malam yara kasafin kuɗi za su ji wlh

Ɗan Kurmi: Baba ka ce kar a ara amma mota da hedimasta fa, daga Daura suka zo?

Tsohon Hedimasta: Yaro waɗannan sun riga sun zauna, don an yi sakaci jiya ba sai a ƙara yau ba. Ku 'yan Kano komai aka kawo kasuwa saye kuke.

Ɗan Kurmi: to ai Hausar tamu ake karanta labarai da ita

Malamar Kimiyya: Don girman Allah ku bar wannan, dare ya yi. Cunkoso shi kaɗai mutane go-sulo za su tuna, zan ce cunkoson nauyi, sannan in faɗi dansiti sau ɗaya tunda WAEC da NECO da Turanci za su tambaye su.

Tsohon Hedimasta: Sau ɗayan ma ya yi yawa 'yata, kuma nauyin da kika liƙa bai da amfani. Amma je ki.