Ɓuntun shinkafa zai iya riƙe kamfanin takarda a Sakkwato?

Injiniya: Jama'a, ina nan kan bakana. Da za a kafa kamfanin takarda da kwali a Sakkwato, ɓuntun shinkafa da karan dawa sun ishe shi wuta, ba sai ya dogara da dizal ba. A ƙona su a tukunya, ruwa ya zama tururi mai ƙarfi, ya juya injin lantarki. Tururin da ya fito da sauran zafinsa a tura shi gangunan da ke busar da takarda. Tashar da lantarki kaɗai take yi, fiye da rabin zafinta iska ke sha. Nan kuwa ana morar kusan kashi 80 cikin 100.

Alhaji Mai Shinkafa: Ɓuntu kam akwai shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Ka leƙa bayan injinan casa bayan girbin Wurno da Goronyo, tsibi-tsibi, wani na ci da wuta a hankali, hayaƙi na shiga gidajen mutane.

Kawu: Yaro, cire kara daga lissafinka. Da shi muke darni, da shi mata ke girki, shi dabbobi ke ci da rani. Ranar da kamfani ya sa masa kuɗi, talaka sai ya koma saran itace, mu da hamada ke bakin ƙofarmu.

Malama: Injiniya, kamfanonin takarda na Finland da Sweden da ke yin irin wannan, baƙin ruwan da ke fita bayan an dafa itace suke ƙonawa, haɗe da ɓawon itacen. Daji gare su. Mu tsohon kwali za mu sake sarrafawa, shi kuwa ba ya ba da wannan baƙin ruwa. Ga kamfanonin takarda na Najeriya da ke Jebba da Iwopin da Oku Iboku, kusa da ruwa aka gina su, duk sun sha tsayawa. Takarda na shan ruwa sosai. Gulbin Rima zai ɗauka da bazara?

Injiniya: Ruwan tukunya juya shi ake yi, Malama, tururi ya huce ya koma. Ruwan jiƙa kwali ma ana tacewa a maimaita. Kawu, ko an bar muku kara, ɓuntu na nan, shi kuwa ba shi ne abincin da dabba ke nema ba.

Alhaji Mai Shinkafa: Abin da ke damuna dako ne. Ɓuntu ba shi da nauyi, mota ta cika maƙil amma kayan kaɗan ne, ga toka mai yawa da ke cika tukunya. In ba jikin injin casa aka gina kamfanin ba, kuɗin mota zai cinye ribar. Wa zai tara na shekara guda ya kare shi daga ruwan damina?