Muhawara: Wai shawarma da soyayyen dankali ne ke cinye lafiyar yaranmu a Garwa ta Kamaru?

Uwar Yara, Marware:
Assalamu alaikum jama'a. Yau da ciwo a raina na zo. Jiya na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da busasshen kifin Lagdo, har man shanu na zuba a kai. Babban ɗana mai shekara 14 ya buɗe kwano ya mayar ya rufe, wai ya ƙoshi. Da na matsa, ƙanensa ya tona asiri: ashe kuɗin kilando, wato babur na haya, da nake ba shi na zuwa makaranta yake ɓoyewa, ya taka da ƙafa cikin ranar nan ta Garwa, in ya haɗa jaka ɗaya, wato sefa dubu, da 'yan kai ya je ya sayi shawarma da lemon kwalba. Maganata ɗaya ce. Shagunan nan na shawarma da hambaga da soyayyen dankali su ke lalata mana bakin yara, su ke ƙara hawan jini da ciwon suga a garin nan, kuma ya kamata hukumar gari ta hana buɗe su kusa da makarantu. Wanda ya ga ba haka ba ya kawo mini dalili.

Ɗan Shagon Shawarma:
Wa alaikumus salam Mama, Allah ya huci zuciyarki. Ni a irin shagon da kike magana nake aiki. Na gama jami'a a Ngaundere, na yi shekara biyu ina yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, ba wanda ya ce mini zauna. Wuƙar yanka naman nan ita ke biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta yau. Mu shida ne a shagon. Nama wajen mahautan kasuwa muke ɗauka, tumatir da salak daga lambunan bakin Binuwai, albasa ta Marwa. In an rufe mu ba mu kaɗai za mu ji ba.

Sannan Mama, kafin mu buɗe ba a hawan jini a Garwa? Kakana shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, bai taɓa ganin hambaga da idonsa ba. Kuma in abincin gaggawa ne laifin, tsire fa? Ƙosai da fanke da awara fa? Su ma a tsaye ake ci, a mai ake soya uku daga ciki.

Baba Mai Tsire, Yalwa:
Yaro, kada ka haɗa tsire da abinku. Tun kafin a haife ka nake gaban tukuba, ubana ma ita ya bar mini. Je ka unguwar Briketeri a Yawunde ka ga yadda manyan ma'aikata ke layi wajen tsiren Hausawa, wanda a can suke kira soya. Tsire nama ne da ƙuli da yaji da wuta. Mai saye yana tsaye yana kallo, ya nuna tsinken da yake so, ya ɗanɗana kafin ya biya. In naman jiya ne hanci zai gaya masa. Naku kuwa a naɗe yake cikin burodi, an kwarara masa farin abin nan mayonez, ko ya kwana uku wa zai gane?

Ɗan Shagon Shawarma:
Baba, ba raini a maganata, ka yi haƙuri. Amma na sha ganin masu tsire suna naɗe wa mutane nama a takardar buhun siminti, kai ma ka sani.

Baba Mai Tsire, Yalwa:
Na sani, kuma ban taɓa yabon mai yi ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Salamu alaikum. Yaya Uwar Yara, na ji zafin da kike ji, ni ma uwa ce. Amma zan faɗi abin da nake gani a wurin aiki ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Mafi yawan waɗanda nake auna wa jini in tarar ya hau, mata ne da dattawa da ba su taɓa taka shagon shawarma ba. Daga tukunyar gida suke ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk wanda ke cikin abinci. To ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mu tambayi kanmu nawa muke marmasawa a miya ɗaya, bayan gishirin da muka riga muka zuba, bayan kanwa. Kakanninmu daddawa suke sakawa. Mu mun tura daddawa gefe muna cewa tana wari.

Ban wanke shagunan ba fa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin ɗanki ma ba shawarmar ba ce, kwalbar da ke gefenta ce. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35. Iyakar da hukumar nan ta sa wa babba a yini kusan giram 50 ce, ta ce in an tsaya a 25 ya fi. Manyan kwalaben da ake sayarwa a nan kuwa sun kusa ninka gwangwani. Yaro ya shanye ɗaya cikin minti biyar saboda zafi, bai ji ya ci komai ba, sai ya nemi abinci a kai. Zoɓo da lemon citta na leda ma, in kin ga sukarin da ake zuba musu a bokiti za ki riƙe baki.

Sai mai. Man da aka soya dankali da safe, aka soya kaza da rana, aka bar shi ya huce aka sake ɗorawa gobe, za ki ga ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Wannan man ya lalace, kuma abin da ke fita daga cikinsa yana cutar da jijiyoyin jini. Kaskon mai ƙosai ne ko injin suyar shago, duk ɗaya ne a wurin zuciya. Baba ya yi gaskiya kan mayonez: wanda ake haɗawa da ɗanyen ƙwai, a watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, ga wuta ana ɗaukewa firji ya mutu, shi ke kawo mana yara da amai da gudawa tsakar dare. Tsiran Turawan nan ja da ake yankawa cikin hambaga kuma, tun 2015 cibiyar binciken cutar daji ta hukumar ta sa irin wannan sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji. Baba, kai ma gefen naman da ya ƙone ƙurmus gara a kankare shi kafin a ba mai saye.

Uwar Yara, Marware:
Ƙanwata, yanzu laifin ya dawo kan tukunyata ke nan?

Ma'aikaciyar Jinya:
A'a Yaya, tukunyarmu dai. Ni ma huɗu nake sakawa kafin na ga jinin mahaifiyata ya hau. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malamin Sakandare:
Ni ta ɓangaren kuɗi zan shiga, don nan ne na ga ɗanmu na shago bai faɗi rabin labarin ba. Gaskiya ne naman da albasar namu ne. Burodin fa? Alkamar da ake yin sa da ita ta teku take zuwa Duwala, fulawar ta hau jirgin ƙasa ko babbar mota har ta iso mana. Mun ga abin da hakan ke nufi a 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren: sandar burodi ta tashi daga sefa 125 zuwa 150, alhali ba a harba ko harsashi ɗaya na wannan yaƙin a ƙasarmu ba. Mu kuwa muna zaune a ƙasar dawa da gero da masara, ga masakwa da ake dasawa bayan damina a filayen Marwa, ga shinkafar Yagwa. Duk yaron da bakinsa ya bar tuwo ya koma burodi, manomin dawa ya rasa mai saye na shekara hamsin masu zuwa. Wannan shi ne abin da Uwar Yara take ji a jikinta ko da ba da wannan sunan ta kira shi ba.

Kuma kada a ce ba a iya komai. Ku tuna daskararrun kajin Turai da suka cika kasuwanninmu har masu kiwo suka riƙa rufe akurki. Marigayi Bernard Njonga da ƙungiyarsa ta kare muradun jama'a mai suna ACDIC suka tashi tsaye, suka yi ta wayar da kai, har wajen 2005 gwamnati ta taƙaita shigo da su, kiwon kaji na gida ya farfaɗo. Kazar da kuke soyawa yau a shago albarkacin wannan gwagwarmaya ce ta zama ta gida. Amma doka kaɗai ba ta isa. An hana siririyar leda tun 2014, ku je ku leƙa magudanan ruwa bayan kowane shagon abinci ku gani.

Tambaya ɗaya gare ka ɗana. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin aikinku jaka 60 ne a wata. Ana ba ka?

Ɗan Shagon Shawarma:
Malam, jaka 35 nake karɓa. Daga la'asar zuwa ɗayan dare, ba hutun mako sai in ka ce ba ka da lafiya. Ba takarda tsakanina da mai shago. Na san ba daidai ba ne, amma in na yi magana akwai goma a waje da ke jiran wuƙar.

Ɗan Kilando:
Ku yi mini afuwa, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Ina fita bayan asuba, ba na komawa sai bayan isha. Matata tana ƙauye. Wa zai tuƙa mini tuwo da rana? Abin da na samu a bakin titi shi nake ci: burodi da wake da safe, taliya da ƙwai wajen mai shayi da dare. Shawarma ma ba ta aljihuna ba ce, ta 'ya'yan masu hali ce da samari masu son burge 'yan mata. In za a gyara, a fara da inda mu talakawa ke ci. A sa masu duba tsafta su riƙa leƙa kaskon mai da ruwan wanke kwano, ba su zo su karɓi na goro su wuce ba.

Baba Mai Tsire, Yalwa:
Wannan yaron ya fi mu duka gaskiya. Ni abin da ke damuna daban ne ma. Da, mutum in ya sayi tsire gida yake kai wa, a buɗe a tsakar tabarma, yara su samu yanka ɗai-ɗai, uwargida ta samu nata. Yanzu kowa ya sayi nasa ya ci shi kaɗai a kan babur yana danna waya. Jikokina ma ba sa haɗa hannu a kwano ɗaya sai na tsawata.

Uwar Yara, Marware:
Na ji duka, kuma na gode. Na yarda hawan jini ba daga shago kaɗai yake ba, magina zan rage daga yau. Amma ban janye maganar makaranta ba. Babba ya san abin da yake saya, yaro ɗan shekara 14 bai sani ba, ƙamshi da fitilu masu launi yake bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar Asabar akwai taron iyayen yara a makarantarsu, zan tashi in yi maganar lemon kwalba da ake sayarwa a bakin ƙofa. Ƙanwata, in kina da hali ki zo ki faɗi lissafin sukarin nan da bakinki, sun fi jin ta ma'aikatan asibiti.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina aikin dare ranar Juma'a, amma in sha Allahu zan zo ko a gajiye. Zan taho da kwalba ɗaya da sukarin da ke cikinta a aune a kofi, su gani da idonsu.

Ɗan Shagon Shawarma:
Mama, in ɗanki ya sake zuwa wajenmu da kayan makaranta a jikinsa, ni da kaina zan ce ya je gida ya ci tuwo tukuna. Maganar mai kuma, kwana huɗu muke yi ba mu canza ba. Zan gwada yi wa mai shago magana yau da dare in mun tashi, ku sa ni a addu'a.