Wai ina aƙida ta shige ne a jami'o'inmu?

Ɗan_Birni:
Salam jama'a. Satin da ya wuce aka yi zaɓen ƙungiyar ɗalibai a makarantarmu, wallahi abin ya ƙona min rai. Wanda ya ci ko uffan bai ce ba kan ƙarin kuɗin rajista ko ruwan da babu a hostal, sai rabon kati da indomi a daren zaɓe, kuma kowa ya san wani ɗan majalisa ne ya buga masa fosta. Tambayar da masu zaɓe ke yi kawai ita ce ɗan wace jiha ne, masallaci yake zuwa ko coci. Babanmu kullum cewa yake a zamaninsu gwamnati tsoron ɗalibai take. Da gaske ne?

Malam_Samaru:
Mahaifinka ya yi gaskiya ɗana. Na yi ABU a shekarun 1980, in Dakta Bala Usman, malamin tarihi, zai yi lacca ɗaki cika yake maƙil har ta taga ake leƙe, 'yan injiniya ma su baro nasu su zo, daga nan a koma ɗaki ana musu kan jari-hujja da gurguzu, 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, na cewa Musulunci ne mafita, wani lokacin sai kiran assalatu ke raba mu. Shi Bala Usman jinin sarautar Katsina ne fa amma ya zaɓi talakawa, har ya riƙe sakataren gwamnatin Kaduna zamanin Balarabe Musa. An kuma ji jiki. A zanga-zangar ɗalibai ta Ali Must Go a 1978 kan ƙarin kobo 50 na abinci an rasa rayuka, 1986 ma haka, a 1988 gwamnatin Babangida ta tusa ƙeyar Patrick Wilmot, wani malamin ABU, zuwa Landan.

Hauwa_Kulu:
Allah ya ƙara girma Baba, amma ku fa abinci ake dafa muku a kafteriya. Mu yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas muna gida, ni ɗinki na koya. Yarinyar da babanta ya sayar da buhun masara ya biya mata rajista ta ina za ta fito zanga-zanga a kore ta? Ba aƙida muka rasa ba, tsoro ne da yunwa.

Malam_Samaru:
Na yarda da ke 'yata, ban ga laifinku ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wasu da muka ɗaga kwali tare su ne yau a kan kujera suna rusa ƙungiyar ɗalibai in ta yi magana.

Ɗan_Birni:
Na gode Baba. Mu biyar mun yanke za mu riƙa zama duk Asabar a gindin darbejiya muna karatu muna tattaunawa. Don Allah da tarihin NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, za mu fara ko da me?